Shekarar da Kunamar Libarba Ta Cije

Hadiza da Mariama, kun girma kuna jin mutane na cewa yayanku Lamin ya bar gida ne don ya fi ƙarfin kowa, ni kuma ban taɓa buɗe baki na gyara maganar ba. Kuna ƙanana a lokacin, Mariama ko karatu ba ta gama iyawa ba. Yanzu da gwiwoyi suka zaunar da ni, kuma kowaccenku tana da 'ya'yan da za su yi tambaya wata rana, gara in rubuta abin da hannuna tun ina da hankalina. Ni na kori Lamin daga gidanmu na Vaulx-en-Velin da ke gefen Lyon, a kan laifin da bai yi ba.

Gidanmu a Damagaram gidan maƙera ne. Kakana shi yake gyara wa mahalba bindigoginsu, kuma tun ban kai zugazugi tsawo ba nake tsugune kusa da shi ina kallo. Da na zo Lyon ma ƙarfen na bi, na shekara ashirin da wani abu ina sassaƙa kayan injuna a wata masana'anta. Wani abokin aikina Bafaranshe ne ya fara kai ni filin harbi na kulob ɗinsu wata Asabar, na gwada, hannuna bai yi rawa ba, abin ya shiga raina. Sai da na yi dogon jira, aka binciki halina, likita ya sa hannu, sannan hukuma ta ba ni takardar izinin riƙe libarba guda ɗaya, bindigar hannu mai ganga da ke cin harsashi shida. Sharaɗin shi ne ta zauna cikin akwatin ƙarfe a kulle, kuma kada wani mahaluki ya taɓa ta sai ni. Na kafe akwatin a bango cikin kabad na ɗakin kwananmu, makullin kuwa na ɓoye shi cikin aljihun wata tsohuwar babbar riga da ba na sawa. A zatona babu wanda ya san wurin.

Libarba irin tawa ana harba ta ta hanya biyu. Ko ka ɗana gudumar baya da babban yatsa, sannan ka ɗan taɓa kunama ta tashi, ko kuma ka ja kunamar tun daga farko, ita ta juya ganga, ta ɗaga guduma, ta sake ta, duk cikin ja guda. Wannan ta biyun ita ce gwanintar, kuma ita nake so. Tawa tana da santsi kamar ana jan zare cikin man shanu. Na san jan nan kamar yadda na san muryar uwarku.

A shekarar da nake ba ku labari ne baffanku Sani ya rasu. Ƙanena ne uwa ɗaya uba ɗaya, kuma ni na matsa masa ya bar sana'arsa a gida ya zo nan. Ya faɗo daga saman wani gini da suke aiki a gefen Paris. Na tafi na yi masa wanka da hannuna, na raka gawarsa har filin jirgi, na dawo Lyon, daga nan bakina ya mutu. Ina zuwa aiki, ina salla, ina cin abin da aka ajiye mini, amma ba na cikin gidan. Bayan la'asar sai in shiga ɗaki in tura ƙofa, in fiddo libarbar in yi ta goge ta da tsumma, alhali babu ko ƙura a jikinta. Wani lokaci in ɗora ta bisa cinya in zauna haka nan har a kira magariba. Uwarku Zainabu takan ƙwanƙwasa ta ce ga kunu, in ce ta ajiye.

Wata Asabar, bayan na yi kusan wata biyu ban je kulob ba, na tilasta wa kaina na tafi. Na tsaya a layina, na ɗaga hannu, na ja kunama. Sai na ji tana karta, kamar ana jan ƙyauren da yashi ya shiga ƙarƙashinsa. Ta yi nauyi a tsakiya, ta cije, sannan ta ƙwace gaba ɗaya, harsashin ya tafi can gefen takarda. Da na saki yatsa kuma ba ta koma wurinta da sauri ba, sai da ta yi jinkiri kamar mai shawara. Na zazzage sauran harsashin nan take na zauna a benci. Na fara da abin da aka saba. Na duba ƙarƙashin farantin da ke turo kwanson harsashi, ko ƙwayar albarushi ta maƙale, wurin fes. Na murɗa sandar tsakiyar ganga ko ta kwance, tana daram. Na juya gangar da yatsa, ta yi ta juyawa ba ta gogar komai. Na ɗana guduma da babban yatsa, nan ma na ji kartar. To, ciwon ba a waje yake ba, yana can ciki bayan murfin gefe, inda ban taɓa buɗewa ba, domin ko da yake ni maƙeri ne, na san iyakata.

Daga kulob ban biya gida ba, na wuce shagon wani Bafaranshe, Mushe Bernar, tsohon mai gyaran bindigogi wanda a hannunsa na saye ta. Ya tabbatar babu harsashi, ya ja kunamar sau biyu kusa da kunnensa, ya yamutsa fuska. Ya kwance kusoshin murfin, ya bubbuga jikin bindigar da ƙotar katako har murfin ya ɗago da kansa. Muka leƙa tare ƙarƙashin fitilarsa. Tsatsa ja ta kama ɗan ƙarfen da ke mayar da kunama wurinta, ta ci waya mai tsalle da ke cikinsa, kuma ko'ina akwai wani baƙin abu mai danƙo da ya bushe a kusurwoyi. Ya lakato shi da tsinke ya shinshina.

"Wannan ba tsohon mai ba ne, Isuhu," in ji shi. "Ruwa ya shiga nan, ba sau ɗaya ba, kuma ruwan da wani abu a cikinsa. Ka faɗa da ita cikin kwata?"

Na ce ba ta taɓa fita daga akwati ba sai zuwa kulob.

Ya cire tabarau ya dube ni. "To wani ya fiddo ta. Wa ke da makulli bayan kai?"

Na ce babu kowa. Ya ci gaba da tsintar sassan yana jerawa bisa tsumma. Can ya ce gyaran ba wuya, za a jiƙa su, a wanke, a goge tsatsar a hankali ba tare da an ci ƙarfen ba, a canja wayar, ta koma yadda take. Amma ba zai miƙo mini ita ba sai na zo masa da amsa.

"Na san ka shekara goma," ya ce. "Amma in bindiga tana fita daga gidanka ba ka sani ba, ba abin da zan rufe ido a kai ba ne. Ka san zamanin da muke ciki, ka kuma san sunanka. Je ka bincika gidanka kafin wasu su zo su bincika maka."

A cikin metiro, jirgin da ke bi ta ƙarƙashin ƙasa, tun kafin in kai tashar da zan hau bas, na riga na yanke hukunci. Lamin yana da shekara goma sha tara, ya bar lakwal, ya watsar da karatu, yana yini a gindin bene da wasu samari da ba na son ganinsu, kuma sau ɗaya 'yan sanda sun taɓa tsare su gaba ɗaya suka sake su. Na ga abin a idona kamar ina wurin: ya lalubo makulli, ya kai ta wa abokai su gani, ko abin da ya fi haka muni, ya ji tsoro ya jefa ta cikin lambatu, sannan ya ɗauko ya goge bayanta ya mayar. Na tuna takardun zamanmu, na tuna ƙofar da za a iya ɓallawa, ku biyu kuna tsaye kuna kuka. Tun rasuwar Sani ban ji wani abu mai zafi a ƙirjina ba sai ranar, kuma Allah Ya yafe mini, na ji daɗin samun wanda zan sauke wa shi.

Na same shi a falo yana cin shinkafa, rana ba ta faɗi ba. Na kashe telebijin na tsaya a kansa.

"Ina ka kai ta?"

"Kai me, Baba?"

"Bindigata. Ina ka kai ta, wa ka nuna wa, me kuka yi da ita?"

Ya ajiye cokali. Ya yi dariya irin ta wanda bai gane ba, dariyar nan kuwa ita ta ƙara tunzura ni. Da ya ga fuskata sai ya miƙe.

"Baba, c'est pas moi, ba ni ba ne. Wallahi ban ma san inda kake ajiye makullin ba."

Uwarku ta fito daga kicin hannunta da ruwa. Ta ce, "Malam, don Allah ka tsaya ka ji." Na daka mata tsawar da ban taɓa yi mata ba tun aurenmu, na ce ita ta lalata shi da ɗaure masa gindi. Ta buɗe baki, ta dubi yaron, ta dube ku a bakin ƙofar ɗakinku, sai ta rufe. Ni kuwa na ɗauko Alƙur'ani daga saman kabad na ce ya dafa. Ya miƙo hannu zai dafa, sai na janye, na ce hannun maƙaryaci ba zai taɓa shi ba. Har yau in na tuna wannan janyewar sai in ji kamar in nutse cikin ƙasa. Na ce masa ko ya faɗi gaskiya kafin magariba ko ya nemi wani uban. Bai jira magaribar ba. Ya zuba tufafinsa cikin jakar wasanni, ya sumbaci kan uwarsa, ya fita ya bar rabin shinkafarsa. Washegari kawunku Habu, yayan uwarku mai sayar da atamfa a Paris, ya kira ya ce yaron yana wurinsa.

Kwana goma sha biyu gidan ya yi kamar an yi sabuwar mutuwa. Sau biyu uwarku ta ce mini ba yaron nan ba ne, sau biyu na ce kowace uwa haka take cewa. Bernar ya kira ni a waya, na ce ina kan bincike. Duk motar 'yan sanda da ta tsaya a ƙasan benenmu sai na leƙa ta taga ina ƙirga mutanen da suka fito.

Ran Alhamis da hantsi, kun tafi lakwal, ni ina hutun aiki, uwarku ta shigo ɗaki ta rufe ƙofa. Ta ajiye wata ƙaramar kwalbar ruwan sha a gabana, da sauran baƙin ruwa a gindinta, ta ajiye makullin akwatina kusa da ita. Ta zauna a ƙasa, ba bisa gado ba. Na buɗe kwalbar na shinshina. Warin tawada da ƙaro ne, wanda duk ɗan Damagaram ya sha tun yana goye. Rubutu ne. Da a shagon Bernar na kai hancina kusa da tsinken nan da na gane, amma a lokacin hankalina yana kan Lamin.

"Ni ce," ta ce. "Wani malami a unguwar La Guillotière ya rubuta mini. Ina zuba maka a kunu, ita ma ina ɗiga mata ta wajen gudumar nan, Alhamis uku. Ina gogewa in mayar."

Na ce, "Don me, Zainabu?"

"Shekara ashirin da biyu nake wanke maka tufafi, ka zaci akwai aljihun da ban sani ba? Tun da Sani ya rasu kake shiga ɗakin nan da ita. Rannan na leƙo ta kafar ƙofa na ga yadda kake kallonta. Ba kallon mai goge kaya ba ne, Malam. Na rasa wa zan gaya wa. In na gaya wa likita, a ɗauke ka. In na gaya wa mutanenmu, gobe a ji a Damagaram. Na ce to bari in roƙi Allah Ya sanyaya ka, Ya sanyaya ta."

Na ce me ya hana ta faɗa ranar da na tasa yaron gaba.

Sai a nan ta yi kuka. "A gaban 'ya'yanka zan ce ina tsoron ubansu ya kashe kansa? Na ce zai huce ya dawo, kai ma ka huce. Kullum in na buɗe baki sai in ga fuskarka in kasa. Na zalunci ɗana don in rufa maka asiri, kuma na gaji."

Na so in ce mata ta yi kuskure, ni musulmi ne, ban taɓa tunanin haka ba. Na daɗe ina kallon kwalbar, ita tana sharar hawaye da gefen zane, injin wanki yana ta juyawa a kicin.

Da la'asar na je wurin Bernar. Ya riga ya gama aikin, ya miƙo mini in gwada. Na ja kunamar sau ɗaya, ta tafi sumul har ƙarshe, ta dawo da kanta, ta fi ma yadda take da. Na ajiye ta bisa teburinsa na ce ya yi mata takardun barin hannuna, zan mayar wa hukuma izinina. Na gaya masa matata ce, na gaya masa abin da ta zuba da dalilinta, ban rage komai ba. Bai san mene ne rubutu ba, amma sauran ya gane. Ya kulle bindigar cikin nasa akwatin, ya rako ni har bakin ƙofa, abin da bai saba ba.

"Ka je ka ga likita, Isuhu," ya ce. "Ba na takarda ba, na gaske."

Ran Asabar na hau jirgin ƙasa na safe zuwa Paris. Habu ya karɓe ni a shagonsa da gaisuwa mai tsawo da fuska marar fara'a, ya ce Lamin yana aikin sauke kaya a wani kantin kayan miya a layin baya. Na same shi yana tura kwalayen doya a kan amalanke, ya rame, ya aske sumarsa. Ya gan ni ya ci gaba da aikinsa. Na tsaya a gefen titi kusan awa guda, mutane suna ture ni, har ya samu hutun rana. Muka zauna bisa wani dakali, da tazara tsakaninmu. Na ce na zo ne in gaya masa na san ba shi ba ne, na zalunce shi, ina roƙon ya yafe mini. Ban taɓa faɗa wa wani ɗa nawa irin wannan ba, kuma ubana bai taɓa faɗa mini ba. Bai dube ni ba.

"To wa ya taɓa ta?"

Na yi niyya tun a jirgi in ce tsautsayi ne, damshi ne ya shiga akwati. Amma na riga na yi wa yaron nan isasshen zalunci. Na gaya masa duka. Ya saurara yana murza hularsa a hannu. Da na gama sai ya juyo, karo na farko, ya dube ni cikin ido.

"Mama ta yi gaskiya? Abin da take tsoro?"

Na ce, "Ta yi gaskiya."

Ban taɓa furta shi ba sai a wurin, ko ga uwarku, ko ga kaina. Ya rufe fuskarsa da hular ya daɗe haka nan, kafaɗunsa suna motsi. Da ya sauke ta sai ya ce ya ji, amma ba zai koma Lyon ba. Ya ce duk lokacin da ya rufe ido yana ganin hannuna yana janye Alƙur'ani, kuma ba zai iya zama ya ci abinci a falon nan ba. Na roƙe shi, ya girgiza kai. Bai koma ba kuwa. A Paris ya koyi aikin lantarki, a can ya yi aure, 'ya'yansa a can suka tashi, ina ganinsu sau biyu ko uku a shekara. Uwarku ta yi sauran rayuwarta ɗanta na fari yana nesa da ita, kuma ba ta taɓa goranta mini ba. Mutane suka ce yaro ya bijire, na bar su suna faɗa, domin gyara maganar yana nufin in tona kaina. Wannan ma laifi ne na biyu da na ɗora masa, ya ɗauka bai ce komai ba.

Amma ranar ya nemi izini a wurin aiki ya raka ni tashar jirgi. A bakin taragon ya karɓi wayata, ya shigar da sabuwar lambarsa, ya mayar mini cikin aljihu da hannunsa.

"Baba, ban ce na yafe ba tukuna," ya ce. "Amma in abin nan ya sake zo maka, ka kira ni. Ko ina bisa aiki, ko ina ina. Kada ka tsaya jin kunya. Ka yi mini alkawari."

Na yi masa. Na kuma je wurin likitan, na yi wata takwas ina zuwa. A cikin shekarar da ta biyo baya na kira lambar nan sau biyu saboda wannan dalili, kuma duka biyun ya ɗauka tun ƙarar farko.